Ranar da Aka Kai Ni Tsakiyar Kogi Saboda Kurket

Ni dai abin da na faɗa, kuma har gobe ban janye ba, shi ne ƙungiyar ƙasarmu ta fi kowace ƙungiya ƙarfi a wasan kurket na yini guda. Abin da ya rage mata kawai a samu wanda ya iya zama. To a duk unguwarmu ta bakin kogin Rupsha, nan Khulna, wa ya iya zama in ba ni Mokles mai katifa ba?

Maganar ta taso ne a rumfar shayin Jobbar, ana jibi wasa. Kamar kullum, Nitai mai aski ne ya tono ta. Ya tsallako daga shagonsa da tawul a kafaɗa, ya karɓi shayi, ya shiga raba wa ƙasashen duniya matsayi kamar gadon ubansa. Wai 'yan Ostireliya ko daga barci ka tashe su ka jefa ƙwallo sai sun cafe. Indiya kuwa in ka fitar da masu dukan ƙwallo biyar, wasu biyar na layi suna hamma. Pakistan su kansu ba su san wace ƙungiya za ta fito fili ba sai ranar, yau su cinye duniya, gobe yaran unguwa su cinye su. Kawu Sobhan, tsohon malamin makarantarmu wanda ya dake mu duka muna yara, ya ƙara da cewa a dai riƙa lura da Niyu Zilan, ba su da hayaniya, sai ka waiga ka gan su a bayanka.

Jobbar ya tambaya, mu fa?

Nitai ya kurɓi shayi ya ce masu jifanmu da ke murɗa ƙwallo ba laifi, masu duka na gaba biyu ma in an tashi da sa'a sukan ɗan taɓa. Amma da zarar ɗaya ya faɗi, sauran sai su bi shi a guje kamar an ce abinci ya sauka.

Aka kwashe da dariya. Ni kuwa raina ya ɓaci, don a duniya ba na son a zagi ƙungiyarmu a gabana. Ni kaɗai nake da izinin zaginta. Na miƙe na ce musu laifin ba na 'yan wasa ba ne, nasu ne. Ko jariri a ƙasar nan ya san in namu suka kama duka ba a motsi. Wanda ke tsaye ya ci gaba da tsayuwa, wanda ya ɗora ƙafa ya bar ta a ɗore, har sai abin ya wuce. Amma mutanen unguwarmu ba su da haƙuri. Yaro na can yana zuba duka, sai wannan ya yi susa, wancan ya tashi tofar da ganyen pan da yake taunawa, kafin ka ce me an fitar da shi. Na ce jibi ni zan tsara zaman da kaina. Zan zauna gaban talabijin daga jifan farko har na ƙarshe, ƙafar hagu kan dama, lema a hannu, kuma in ba mu ci ba a canza mini suna.

"Suna kuma, Mokles-bhai? Sunanka wa zai amfana?" in ji Nitai. "Sa gashin baki."

Gashin bakin nan nawa ba na wasa ba ne. Tun kafin in yi aure nake kiwonsa da man mastad, irin na marigayi babana ne sak, mai lanƙwasa sama a gefe biyu. Matata ba ta taɓa ganin leɓena na sama ba. Nitai kuwa shekara da shekaru yana kallonsa yana haɗiyar yawu, don ban taɓa bari almakashinsa ya matso kusa ba. Da mai hankali ne da ya yi dariya ya zauna. Ni sai na murza shi na ce na sa. In mun faɗi, ya aske shi a nan gaban rumfa, gaban kowa. In mun ci, shi zai riƙa ɗauko mini kujera duk ranar wasa, yana kirana malam.

Kafin la'asar labari ya kai har mashigar jirgi.

Ranar wasa tun da safe aka fara cin amanata a gida. Ina da wata koriyar riga da ban taɓa bari ruwa ya taɓa ba, don duk sa'ar a jikinta take. Na neme ta na rasa, sai ga ta a kan igiya tana ɗiga. Na ce, "Maman Tuli, kin san abin da kika yi wa ƙasa?" Ta ce ta san abin da ta yi wa hancinta. Ta ƙara da cewa in na dawo ba gashin baki kada in ƙwanƙwasa mata ƙofa, ita ba ta buɗe wa baƙi. Haka na saka rigar a jiƙe na fita.

Na isa rumfa da kujerata a ka da alli a aljihu. Na zana wa kowa gurbinsa a ƙasa. Kawu Sobhan a dama, Nitai a can baya inda bakinsa ba zai kai ga talabijin ba, masu keken riksho a tsaye jikin ginshiƙi. Na hana tari, na hana miƙa, na ce mai susa ya yi abarsa yanzu. Mutane sun cika har titi, rabi kurket suka zo gani, rabi gashin baki.

Abokan karawarmu ba zan kama sunansu ba, don har yau ba na son jin sa. Su suka fara duka. Na zauna hagu kan dama, na kafe kamar gunki. Su kuwa bayin Allah suka shiga jibgar masu jifanmu ba tausayi, wannan ƙwallo ta gangara ta taɓa igiyar bakin fili, gudu huɗu, wato maki huɗu, waccan ta tashi sama ta tsallake ta, shida. Na riƙa faɗa wa jama'a su kwantar da hankali, tarko ne. Maƙogwarona ya bushe da bayani. Nitai, ɗan kirki, ya aiko mini da ɗanyar kwakwa, na shanye ruwan. Ya sake aikowa, na shanye. A raina na ce tsoro ya fara kama shi.

Sau biyu kawai muka fitar da wani babba nasu. Na farko ban gani ba, don atishawa ta kama ni saboda jiƙaƙƙiyar riga. Na biyun ma ban gani ba, wani kare ya ja takalmina na sunkuya ƙwatowa. Ba wanda ya lura sai Kawu Sobhan, da na ga yana kallona ta saman tabarau, irin kallon da yake mana in ya gano wanda ya saci amsa.

Suka tashi da gudu ɗari biyu da tamanin da 'yan kai. Da aka tafi hutun rabin rana muka yi azahar, na dawo na ci muri, soyayyen gugurun shinkafa mai barkono, kwano guda, na kora da shayi biyu da wata kwakwar. Na shaida wa kowa cewa filin nan da rana laushi yake yi, gudun nan ko da ido rufe za mu kamo shi.

Namu suka shiga duka. Kafin in gama gyara lema, na farko ya tafi. Na biyu ya bi shi. Na ce wani ya motsa, kuma sai na gano shi. Na kama wani mai riksho ya sauya ƙafa, na sa aka riƙe masa ita. Na hana Jobbar taɓa buta, ya tsaya da ludayi a sama, madara na ƙonewa a bayansa. Na uku ya faɗi. Na sa Kawu Sobhan ya juya hularsa, dattijo mai jikoki. Na huɗu ya ɗaga ƙwallo sama kamar mai miƙa sadaka, aka cafe. Ko sittin ba mu kai ba.

A bayana na ji wani sauti, shaf, shaf, shaf. Nitai ne yake wasa aska a jikin fata. Na ce masa an hana motsi. Ya ce shi hannu kawai yake motsawa, kuma ba don ƙasa ba.

Nan fa kwakwar nan uku da shayi suka zo karɓar haƙƙinsu. Da farko na share. Na matse hagu kan dama har ƙafar ta mutu. Gumi ya keto mini, ga sanyin riga, ga barkono na nasa aikin ta wani gefen. Jobbar ya leƙo fuskata ya ce, "Mokles-bhai, addu'a kake?" Na gyaɗa kai, don in na buɗe baki ban san abin da zai biyo baya ba. Na daure, na daure, har na ga talabijin ta zama biyu. Wallahi na so ƙasata, amma akwai inda ƙasa ba ta iya taimakon mutum. Na yar da lema, na tattare lungina, zanen da muke ɗaurawa a ƙugu, na keta jama'a da gudu sai bayan masallaci.

Ko tsugunawa ban gama ba na ji ihu ya tashi kamar rumfar za ta rushe. Can kuma wani. Can wani. Da na dawo na tarar mutane na rungume-rungume, shida biyu da huɗu uku aka zuba a bayana. Na gyara riga, na murza gashin baki, na ce ai na faɗa muku tarko ne. Na ɗauki lema na zauna, na ɗora hagu kan dama.

Jifa na gaba ya tumɓuke sandar tsakiya da mai dukanmu ke karewa, ya fita.

Sai Kawu Sobhan ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Mokles, ɗan tashi ka je bayan rumfa."

Na ce Kawu ai tsarin bai ba da haka ba. Ya ce tsarin ya ba da mutum biyar a ƙasa, in tashi. Mutumin da ya taɓa zane ka da sanda ba ka iya yi masa gardama ko ka yi furfura. Na je bayan rumfa. Huɗu. Aka ce in dawo. Na dawo, saura ƙiris a fitar da wani a guje. Aka ce in juya wa talabijin baya, aka samu gudu ɗaya. Aka ce in je ƙofar shagon Nitai, huɗu. Aka ce in matsa gindin bishiyar mangwaro, shida. Haka suka yi ta gwada ni gaba da baya kamar eriyar rediyo, wani na tsaye a titi yana ɗaga mini hannu, matsa, matsa, tsaya nan.

Kawu Sobhan ya yanke hukunci da kalma biyu. "Kufa ne."

Ni Mokles, wanda ya koya wa rabin unguwar nan riƙon sandar kurket, wai ni ne kufa, mai farar ƙafa. Na ce ƙarya ne, duk wasannin da muka ci a rumfar nan ina zaune a kujerar nan. Ana cikin haka sai ga Maman Tuli ta kawo mini busasshiyar riga, Allah ya saka mata. Na ce yauwa, ga shaida, ta faɗa musu. Ta dube ni ta dubi jama'a, ta ce gaskiya ne Baban Tuli yana zaune, amma barci yake. Duk ranar da aka ci, sai ya dawo gida yana tambayarta wa ya yi duka. Jobbar ya ce shi ma yanzu ya tuna, akwai ranar da minsharina ya hana su jin sharhi.

Na ce, "Maman Tuli, a gaban mutane?"

Ta ce, "Gashin bakinka nake ceto, in kana da hankali."

Nitai ya zo ya dafa ni. Abin mamaki fuskarsa ba wasa. Ya ce shi ma fa ɗan ƙasa ne, ya fi son mu ci a kan ya aske ni. Ya ce lissafin a fili yake, in na zauna gashin baki ya tafi, in na yi nisa ya tsira, kuma iya nisana iya gudunmu. Wani daga baya ya ce to me ake jira, ga kogi.

Ban yarda ba, ɗaukata aka yi. Mutum huɗu, har da mai rikshon da na sa aka riƙe wa ƙafa, shi ya fi kowa zumuɗi. Suka saka ni a kwalekwalen wani tsoho Kalam, suka ce ya kai ni tsakiyar ruwa ya tsaya, kada ya dawo da ni sai ya ji an fara buga gwangwani. Aka cillo mini lemata daga baya.

To ga ni a tsakiyar Rupsha. Kalam ba rediyo, ba waya, kurket ma bai dame shi ba, tambayata yake nawa katifar auduga. Ni kuwa kunnena na gaɓa. Ihu ya taso, na ce huɗu ce. Wani ya fi shi, na ce wannan shida. Wani lokacin shiru ya yi tsawo, sai in ji an yi "kash" gaba ɗaya, in san wani ya tafi, in matsa can ƙarshen kwalekwale ko zai taimaka. Amma ihun ya fi yawa. Rana ta karkata, ihu na ƙaruwa, har mata na jiyo daga saman gidaje. Na shafa gashin bakina na ce ka tsira, ɗan albarka.

Sai dai murnar ba ta daɗe ba. Tun ina yaro nake jiran rana irin wannan, a ce mun faɗi warwas mun tashi mun kamo manya. Ga ta ta zo, duk unguwa na gani, har wanda bai san yawan jifan da ke zubi ɗaya ba, ni kaɗai aka bari da kifi. Na ji kamar in yi kuka. Na roƙi Kalam ya ɗan matsa gaɓa, ya ce an ce za a fasa masa jirgi. Na ce ya matsa kaɗan dai, iska ta yi mini yawa. Ya matsa. Da na ga kamar ruwan bai kai ƙirji ba, na ce bismilla na dira.

Ruwan bai kai ƙirji ba, gaskiya ne. Taɓon da ke ƙasa ne ya kai. Na bar takalmi ɗaya a ciki, na bar lema, lungin ma da ƙyar na fito da shi a hannu ɗaya. Na rarrafa ta bayan shaguna, ta cikin kwatar Jobbar, har jikin bangon rumfa na gora. A raina na ce ido ɗaya ne kawai, kuma ta baya, wace sa'a ce za ta gane ni cikin wannan taɓo? Na samu wata 'yar kafa na manna fuska.

Jifa ɗaya ya rage, gudu uku muke nema, mutum na ƙarshe ke riƙe da sanda. Rumfa kamar maƙabarta. Jobbar na tsaye da ludayi a sama, Kawu da hula a juye, kowa na cikin gurbin allin da na zana masa. Tsarina ne fa suke bi, ba ni kawai aka cire.

Mai jifa ya taho. Yaronmu ya ɗaga sanda ya maka mata. Ƙwallo ta tashi, ta tashi, ban taɓa ganin abu mai kyau irinta ba. Mutane suka fara miƙewa. Ta nufi igiya, ta fara sauka, sai ga wani dogo ya taho da gudu ya miƙa hannu ɗaya, a daidai bakin igiyar, ya cafe.

Na ce bari in janye a hankali in koma kogi kafin a farga. Na ja kai, ya ƙi. Gefen gashin bakin ya shige tsagar gora ya leƙa cikin rumfa, yana ɗigar da taɓo a kan tiren biskit. Jobbar ne ya fara gani. Ya nuna shi da ludayi. Kawuna suka juya ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan lanƙwasar na san ta," in ji Nitai.

Ba su dake ni ba, kuma da sun daka da ya fi mini sauƙi. Kujerata aka fito da ita tsakiyar titi, aka zaunar da ni da taɓona. Nitai ya yafa mini tawul, ya shafa kumfa. Idonsa jawur, ya ce, "Jifa ɗaya, Mokles-bhai. Jifa ɗaya ka kasa haƙuri." Na ce masa in da yaron ya ɗan karkata sandar hagu da ta wuce, kuskuren na fasaha ne. Ya ce in rufe baki kada ya haɗa da leɓe. Shaf biyu, aikin shekaru ya zube a cinyata. Iska ta bugi wurin, na ji sanyin da ban taɓa ji ba.

Maman Tuli ta buɗe mini ƙofa dai. Ta ɗaga fitila ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ashe haka nake, da ta sani tun farko da ta yi shawara.

Gashi ya fara tsirowa, amma ya ƙi lanƙwasa. Yanzu duk ranar wasa, tun kafin jifan farko, mai rikshon nan ke zuwa ƙofar gidana, kyauta. Jobbar ya haɗo mini shayi a kwalba da muri a takarda, Nitai da kansa ke riƙe mini hannu in shiga kwalekwale, kuma yanzu da igiya suke ɗaure ƙugu na jikin katako. Rabona da ganin ƙwallo a iska tun waccan. Ina zaune ni da Kalam, in ihu ya tsallako ruwa in faɗa masa ko huɗu ce ko shida, shi kuma ya ce to.

An ce ran nan wani baƙo ya zauna a rumfa ana musun ƙungiyoyi, ya tambayi Nitai da me muke taƙama. Nitai ya ce Indiya na da masu duka, Ostireliya na da masu cafewa, mu kuma muna da Mokles-bhai a tsakiyar kogi.

Da aka kawo mini maganar na ce ai tun farko abin da na faɗa ke nan, a samu wanda ya iya zama. Wurin zaman ne kawai muka saɓa.